Daga Tarihin Magabata: Abdurrahman Ibnu Khaldun, Alƙalin da ya Karanci Halin Mutane



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan karo za mu kawo muku tarihin wani malami Bamalike, ɗan mazhabar da muke bi a masallatanmu, wanda Allah Ya ba shi basirar lura da ɗabi'un ƴan Adam a fada da kasuwa da makaranta da gidan sana'a. Shi ne Abu Zaid Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da Ibnu Khaldun. Sama da shekara 600 ke nan da rasuwarsa, amma ɗan kasuwa da ma'aikaci da malamin allo da mai riƙe da al'amarin jama'a, kowannensu zai iske kansa a cikin abin da ya rubuta.

Asalinsa da tashinsa

An haifi Ibnu Khaldun a birnin Tunis ranar 1 ga watan Ramadan na shekara ta 732 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da 27 ga Mayu 1332. Danginsa suna jingina asalinsu ga Larabawan Hadramaut ta ƙasar Yaman. Kakanninsa sun daɗe a birnin Ishbiliya ta Andalus, suna cikin manyan gari, sa'an nan suka yi ƙaura zuwa arewacin Afirka gabanin birnin ya faɗa hannun Kiristoci a 1248. A Tunis gidansu ya zama gidan sarauta da ilimi, amma mahaifinsa ya bar hidimar fada ya duƙufa ga karatu.

Yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Larabci da hadisi da fiƙihun Malikiyya, ya ji Muwaɗɗa ta Imamu Malik a bakin malamai. Daga cikin malamansa babu wanda ya fi tasiri a kansa kamar Shehu Muhammadu al-Abili, mutumin Tilimsan, wanda ya koya masa manɗiƙi da lissafi da yadda ake bin kowane al'amari har zuwa ga sababinsa.

A shekara ta 749, wato tsakanin 1348 da 1349, annobar ɗa'un da ta ratsa duniya ta iso Tunis. Ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da yawancin malamansa, yana ɗan shekara 17. Ya ga garuruwa sun zama kufai, hanyoyi sun mutu, gidajen sarauta sun raunana. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa wannan sauyi na cikin dalilan da suka sa ya ga wajibi ne a sake rubuta tarihi daga tushe.

Hidimar sarakuna

Yana kusan shekara 20 aka ɗauke shi magatakarda a fadar Tunis, aikinsa rubuta kalmomin yabon Allah da kaurin alƙalami a saman wasiƙun sarki. Bai daɗe ba ya bar wurin. A 1354 ya isa Fas ta ƙasar Maroko, ya shiga majalisar Sarki Abu Inan. Nan ma hassadar fadawa ta cim masa, aka zarge shi da haɗa baki da wani ɗan sarkin Bijaya, aka jefa shi kurkuku a 1357. Ya yi kusan shekara 2 a ɗaure, bai fito ba sai bayan mutuwar sarkin.

A 1362 ya ƙetara zuwa Garnaɗa, wurin Sarki Muhammadu na 5 da wazirinsa, mashahurin marubucin nan Ibnul Khaɗib. A 1364 aka aike shi manzo wurin Fedro, sarkin Kiristocin Kastila, a birnin Ishbiliya. Wannan sarki ya yi masa tayin ya zauna wurinsa a mayar masa da dukiyar kakanninsa, amma ya ƙi. Da ya ga zuciyar Ibnul Khaɗib ta fara sauyawa a kansa, sai ya koma Bijaya a 1365 ya zama babban waziri. Da kansa yake hawa duwatsu karɓar haraji daga ƙabilun Barbar, kuma yana koyarwa a masallacin gari. Shekara guda aka yi, aka kashe sarkin da yake yi wa aiki, shi kuwa ya miƙa garin ga wanda ya yi nasara.

Bayan haka ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin Biskara da Tilimsan da Fas, sarakuna suna aikensa wurin Larabawan daji don ya tara musu mayaƙa. Ba za mu ɓoye ba, masu tarihi sun zarge shi da yawan sauya ubangida a wannan lokaci, kuma zargin yana da madogara. Sai dai a cikin wannan yawo ne ya san baƙauye da ɗan birni, ya zauna a bukkar makiyayi da zauren sarki, ya ga yadda ake ƙulla amana da yadda ake warware ta. Ƙarshen abokinsa Ibnul Khaɗib, wanda aka shaƙe a kurkukun Fas a 1374, ya ishe shi wa'azi.

Keɓewa da wallafa

A 1375 ya janye jiki daga siyasa, ya sauka da iyalinsa wurin ƙabilar Auladu Arif, a wata ganuwa mai suna Ƙal'atu Ibni Salama, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya zauna kusan shekara 4. A nan ne, cikin wata 5 na shekarar 1377, ya rubuta zubin farko na Muƙaddima, wato gabatarwar babban littafinsa na tarihi mai suna Kitabul Ibar. Ya raba ta babi 6: zaman ɗan Adam gaba ɗaya, zaman ƙauye da daji, mulki da sarauta, birane, hanyoyin neman abinci da sana'o'i, sai kuma ilimi da koyarwa.

Ya soma da tambayar abin da ke sa ƙarya ta shiga labari. Ya lissafa son rai ga wani ɓangare, da yarda da mai ba da labari ba tare da bincike ba, da neman kusanci ga manya ta hanyar yabo, da jahiltar yadda al'amuran duniya ke gudana. Maganin da ya bayar shi ne a auna labari da abin da zai iya yiwuwa tun kafin a dubi wanda ya kawo shi. Amma ya yi gargaɗi kada mutum ya ƙaryata abu don kawai bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ba da labarin yadda mutanen Fas suka riƙa ƙaryata Ibnu Baɗuɗa kan abin da ya faɗi na dukiyar sarkin Indiya, har wani waziri ya tunatar da shi misalin yaron da ya tashi a kurkuku bai san wata dabba ba sai ɓera, da aka ba shi labarin tunkiya sai ya ɗauka wani irin ɓera ne. A zamanin da labari ke shiga wayar hannu kafin a sallame salla, muna da buƙatar ma'aunin nan ta fuska biyu.

Zaman jama'a

Ibnu Khaldun ya kafa bayaninsa a kan cewa mutum ɗaya ba ya iya ciyar da kansa. Abincin yini guda na alkama yana buƙatar niƙa da kwaɓi da gashi, kowanne kuma yana buƙatar kayan aikin da sai maƙeri da masassaƙi da maginin tukwane sun yi. Idan mutane suka haɗa hannu, abin da suke samarwa yakan fi buƙatarsu nesa ba kusa ba, kuma daga wannan rara ne arzikin gari ke fitowa. Hausawa sun riga sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke ɗaure jama'a wuri guda ya kira shi asabiyya, wato jin zafin ɗan'uwa da tsayawa tare da shi, ko ta jini ko ta maƙwabtaka ko ta alkawari. Ya nuna cewa addini yana ninka ƙarfinta domin yana kawar da hassada da gasa daga zukata. Ya kuma lura cewa ɗaukakar gida ba ta cika wuce mutum 4 ba. Na farko ya gina da guminsa, ya san tsadar abin. Ɗansa ya gani da ido ya koya daga gare shi. Jika yana bi ne da kwaikwayo kawai. Na huɗu yana zaton girma haƙƙinsa ne na jini, sai ya raina mutanen da suka ɗaga gidan, su kuwa su juya ga wani. Duk wanda ya san tarihin manyan gidajen fatauci a Maraɗi ko Damagaram zai iya gwada wannan ma'auni da kansa.

Haka nan ya lura cewa wanda aka rinjaya yakan kwaikwayi wanda ya rinjaye shi a tufafi da abin hawa da al'ada, domin zuciya tana raya masa cewa nasarar ta zo ne daga kamalar wancan. Al'ummar da ta ɗanɗana mulkin mallaka har zuwa 1960 ba ta buƙatar dogon sharhi a kan wannan.

Aiki da ma'aikata

A wurinsa, duk abin da mutum ya samu ƙimar aikinsa ce, kuma sana'a ba ta zauna a hannu sai da maimaitawa a gaban gwani. Amma ya ga wani abu mai ɗaci a fadoji: mai matsayi mutane ke yi wa aiki kyauta don neman kusanci, sai dukiyarsa ta haɓaka ba da guminsa ba, kuma mai fadanci yakan riga mai kamun kai samun duniya. Daga nan ya bayyana dalilin da ya sa alƙalai da limamai da ladanai da malamai ba su cika yin dukiya ba: jama'a ba sa jin buƙatarsu da gaggawa kamar yadda suke jin buƙatar abinci, su kuma darajar abin da suke ɗauke da shi ba ta barinsu su yi fadanci. Wannan magana tana kan wuyanmu, mu masu salla a bayan liman. Ya kamata kowace jama'ar masallaci ta tambayi kanta da me limaminta da ladaninta suke ciyar da iyalinsu.

Game da ɗaukar bara ko yaron shago, ya raba mutane gida 4. Akwai gwani mai amana, wanda da wuya a same shi yana yi wa wani barantaka. Akwai wanda ba gwaninta ba amana, wanda mai hankali ba ya ɗauka. Saura biyu: gwani maras amana, da mai amana maras gwaninta. Shi ya fifita gwanin, bisa hujjar cewa ana iya sa masa ido, alhali maras iyawa yana ɓata dukiya ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Mai karatu na iya saɓa masa a nan, kuma mu ma muna ganin amana ba abin sassautawa ba ce, amma ya tuna mana cewa kirki kaɗai ba ya riƙe shago ko ma'aikata.

Kasuwa da masu saye

Ya bayyana fatauci da cewa neman riba ne ta saye da araha a sayar da tsada, ko ta jiran lokaci ko ta kai kaya wani gari. Ya shawarci ɗan kasuwa ya riƙi kaya matsakaita waɗanda talaka da mai hali duk suke buƙata, domin kaya na ƙarshen kyau masu sayensu kaɗan ne. Ya ce riba tana ƙaruwa da nisan hanya da haɗarinta, ya ba da misali da fataken da ke ƙetare Sahara zuwa ƙasashen baƙar fata, waɗanda ya ce sun fi sauran ƴan kasuwa wadata. Ya kuma yi gargaɗi cewa yawan ciniki da jayayya da rantsuwa suna barin tabo a halin mutum idan bai tsare kansa ba.

Ya ƙyamaci ɓoye hatsi don jiran tsada. Dalilin da ya kawo shi ne mutane suna biyan kuɗin abinci ne bisa tilas, zukatansu kuma suna rataye da abin da aka karɓe musu, don haka irin wannan riba ba ta ƙarewa da alheri. Waɗanda suka ga yadda farashin tiyar hatsi ya tashi a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa a shekarar 2005 sun san nauyin wannan magana. Amma bai manta da manomi ba, domin ya nuna cewa araha mai tsanani idan ta daɗe tana karya manomi da ɗan kasuwa gaba ɗaya. Maslaha tana ga farashi matsakaici.

Game da mai saye kuwa, ya lura cewa a birni abin marmari yana rikiɗa ya zama larura saboda sabo da kallon maƙwabci. Kashe kuɗi sai ya zarce samu, daga nan a shiga ƙarya da algus da zamba da caca don cike giɓi. Mu dubi abin da muke ɗora wa kanmu a biki da suna da kayan ɗaki, da bashin da ke biyo baya, mu gani ko malamin ya yi kuskure.

Bai kyale masu mulki ba. Ya nuna cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa mai yawa ne, domin mutane suna da ƙwarin gwiwar aiki. A ƙarshenta kuwa lanho da kuɗin kasuwa sun yi yawa, abin da ke shiga baitulmali ya ragu, domin mutane sun janye hannu. Ya ce sarki ya shiga kasuwanci ɓarna ce ga talakawa, saboda babu mai iya gasa da shi. Ya faɗaɗa ma'anar zalunci ta haɗa da aikin tilas, da karɓar abin da shari'a ba ta wajabta ba, da sayen kayan mutane da farashin dole, ya ce duk wannan yana rushe ƙasa.

Tarbiyyar yara

Malaman makarantun allo da iyaye su saurara da kyau. Ibnu Khaldun ya tabbatar da cewa tsanani yana cutar da almajiri da bara da ɗa. Wanda aka rena da duka da tsoro yakan zama malalaci, ya koyi ƙarya da ɓoye abin da ke zuciyarsa don gudun hannu, har wannan ya zama ɗabi'arsa. Ya kawo hukuncin Ibnu Abi Zaid, mai Risala da muke karantawa, cewa idan ladabtarwa ta zama dole kada a wuce bulala 3. Ya so a koyar da ilimi sannu a hankali, a bi fanni sau 3 daga taƙaitawa zuwa zurfafawa, kuma kada a haɗa wa yaro fanni biyu a lokaci guda.

Misira da alƙalanci

A 1378 ya koma Tunis don neman littattafai, amma saɓani ya shiga tsakaninsa da babban malamin garin, Ibnu Arafa. A 1382 ya nemi izinin tafiya hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya, ya isa Alƙahira a farkon 1383. Ya koyar a masallacin Azhar, ɗalibai suka yi masa cincirindo, cikinsu har da masanin tarihin nan al-Maƙrizi. A 1384 Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya.

Ya iske shaidun zur sun yi kaka-gida a kotu, manya kuma sun saba aiko da ceto. Ya hukunta masu shaidar ƙarya, ya ƙi karɓar ceton sarakuna, ya ci gaba da sa tufafinsa na mutanen Magrib. Maƙiya suka yi masa yawa. Ana cikin haka jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya, matarsa da ƴaƴansa mata suka rasu. Ya bar kujerar, ya koma koyarwa, ya sauke faralin hajji a 1387. A 1389, lokacin da aka yi wa Barƙuƙ tawaye, yana cikin malaman da suka sa hannu a fatawar da aka rubuta a kan sarkin, kuma da sarkin ya dawo mulki ya rasa ɗaya daga muƙamansa. Gaba ɗaya sau 6 aka naɗa shi alƙali, ana tuɓe shi ana mayar da shi.

Yana kusan shekara 70 ya raka Sarki Faraj zuwa Dimashƙa, lokacin da Taimur Lang ya kewaye birnin. Sarkin ya koma Misira ya bar su. A watan Janairu 1401 aka zurara tsohon malamin da igiya daga kan ganuwa, ya je sansanin Taimur, ya yi sama da wata guda yana zama da shi, ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib, ya kuma nema wa wasu abokansa aminci. Duk da haka an washe birnin, wuta ta ci babban masallacinsa. A hanyar komawa ƴan fashi suka tare shi suka kwashe kayansa.

Allah Ya karɓi ransa a Alƙahira a ƙarshen watan Ramadan na 808, wato Maris 1406, kwanaki kaɗan bayan naɗinsa na 6, yana da shekara 76 a lissafin Hijira. An binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasri.

Ƙasashenmu a cikin littafinsa

Kitabul Ibar na daga manyan madogaran tarihin daular Mali. A cikinsa akwai jerin sarakunanta da labarin hajjin Mansa Musa na 1324. Ya ba da labarin raƙumin dawa da sarkin Mali ya aiko Fas kyauta a shekara ta 762 ta Hijira, da yadda jama'a suka fito kallo. Ya kuma ce a shekara ta 754 ya haɗu a Biskara da manzon sarkin Takadda, wanda ya shaida masa cewa ayarin raƙumi 12,000 ya ratsa garinsu a shekarar zuwa Mali. Takadda suna ne da masana suke dangantawa da kufan Azelik, a yankin Ingal. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ma ya sa tarihinsa cikin littafinsa na malaman Malikiyya, Nailul Ibtihaj.

Wajibi ne mu faɗi inda ya kauce. Ya yi daidai da ya ƙaryata tatsuniyar da ke cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya mayar da launi ga yanayin ƙasa. Amma ya ɗauki ra'ayin mutanen da na cewa zafin ƙasa yana rage natsuwa da hankali, ya faɗi maganganu na ƙasƙanci a kan baƙaƙen da bai taɓa taka ƙasarsu ba. Wannan ba mu karɓa ba, kuma ma'aunin da shi kansa ya kafa na binciken labari ya isa ya rushe shi. Kowane malami ana ɗauka daga maganarsa ana bari, ban da Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ya ku ƴan'uwa, muna kira ga malamanmu masu karantarwa a zaure da masallaci su sa babi na 5 da na 6 na Muƙaddima cikin karatun manyan ɗalibai, domin wanda zai yi wa mutane wa'azi ko hukunci yana buƙatar sanin abin da ke motsa su a kasuwa da wurin aiki. Allah Ya jiƙan Abdurrahman Ibnu Khaldun, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya amfane mu da iliminsa, Ya sa albarka a sana'o'inmu da zuriyarmu.